Jarida Ta Ce Rediyo Mai Shiru-Shiru Ne

"Wannan fa?" in ji mai gadi. Ya zaro almakashi daga jakarta ya ɗaga sama kamar ya kama ɓarawo.

"Almakashi ne," in ji matar Rediyo. "Ni tela ce."

"Ba a shiga da makami, Mama."

"Ɗana, shekara ashirin da biyu ina riƙe da shi. Mutum ɗaya na taɓa marmarin sokewa, shi ma ya riga ya mutu."

Yaya, yayar mijinta, ta mintsine ta a hannu. "Ke, ofishin lauyoyi ne nan. Kuma ina ji, ƙanena kike nufi."

"Wa kuma, Yaya?"

Mai gadi ya jefa almakashin a aljihun tebur, ya ba ta wata 'yar roba mai lamba, ya nuna musu lif. Hawa na shida. Yaya ta rufe ido tana addu'a tun kafin ƙofa ta rufe.

Wata biyar ke nan da rasuwar Rediyo. Direban bas ne na cikin gari, kuma fasinjoji ne suka sa masa sunan, don daga tasha zuwa tasha bakinsa ba ya hutawa. Ya ba da labarin siyasa, ya ba da na ƙwallo, ya yi wa mai ciki bayanin haihuwa alhali shi bai taɓa haihuwa ba. Ranar da birki ya ƙi a gangaren gada, da mutum talatin da ɗaya a motar, ya murɗa sitiyari ya ba wa bango gefensa. Kowa ya fita da ƙafarsa, wasu da ɗingishi. Shi kaɗai aka ɗauko.

Bayan kwana biyu jarida ta ba shi rabin shafi, har da hoto. Wata maƙwabciya ta kawo mata. Aji huɗu ta yi a makaranta, don haka da yatsa take bin layi. Da ta iso inda aka rubuta cewa marigayin mutum ne mai shiru-shiru wanda ba a jin muryarsa, sai dariya ta ƙwace mata, har matan da ke zaune a ɗakin suka fara kallon juna.

Tana da shafi a intanet inda take sa hotunan rigunan da ta ɗinka. Ba ta san yadda ake tura labari daga wani wuri ba. Sai ta shimfiɗa jaridar a kan keken ɗinki, ta riƙa kwafe labarin a waya da yatsa ɗaya, kalma bayan kalma, yamma uku tana yi. Duk jimlar da suka rubuta, sai ta sa tata a ƙasa. Ta ɗora hotonsa a sama, ta saki.

Kafin mako ya zagayo fasinjoji sun gano wurin. Wannan ya rubuta abin da Rediyo ya taɓa gaya masa, wancan ya rubuta nasa. A nan ta san cewa ba a shiru ya tafi ba, ko da yake jarida ta ce bai ce uffan ba. Mutum huɗu suka shaida cewa yana ihu yana cewa, "Ku riƙe kujera! Bakanike, za ka ga tsiya!"

Sai takardu suka fara zuwa. Daga wani kamfani ne da ba ya buga jarida, ba ya rubuta labari. Aikinsa ya sayi haƙƙin labarai daga jaridu, ya bi intanet yana farautar wanda ya kwafa. Takarda ta farko ta ninke ta huɗu ta sa a ƙarƙashin ƙafar keke, don dama keken yana rawa. Ta biyu ma haka. Ta uku ma can ta shige, da hatimin kotu a jiki, kuma ita ce Barista ta hango jiya da ta zo gwajin riga. Barista lauya ce, shekara shida matar Rediyo na yi mata ɗinki. Ta durƙusa da rigar da ba a gama ba, allurai a kafaɗa, ta zaro takardar, ta karanta, ta dafe kai.

"Anti, ƙara fa aka kai ki. Gobe ne zaman sulhu!"

"To mayar mini da ita, keken zai fara rawa."

Yanzu ga Barista a bakin lif tana jiransu, da fayil siriri. Ta shigar da su wani ɗaki mai dogon tebur da sanyin na'ura. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya lauyan kamfani, matashi, cikin kwat da ta fi kafaɗarsa faɗi da inci biyu. Matar Rediyo ta auna shi da ido, ta tausaya wa wanda ya sayar masa. Ɗayan editan jaridar ne, dattijo mai tabarau, an kira shi a matsayin shaida, yana zaune kamar mai jiran likitan haƙori.

"Muna miƙa ta'aziyya," in ji lauyan, idonsa a kan takarda. "Amma doka doka ce. Malama ta kwafe labari mallakar wanda nake wakilta, daga kanu har ƙarshe, da hotonsa. Tayinmu mai sauƙi ne. Ta goge rubutun nan gaba ɗaya yau, ta sa hannu ba za ta sake ba, mu sassauta diyya. Idan ta ƙi, sai gaban alƙali ranar Alhamis."

"Doka ta bar ƙofa ga wanda ya ɗauko magana don ya yi sharhi a kanta," in ji Barista. "Sharhi ta yi. Ba sayarwa ta yi ba."

"A shafin kasuwanci ta sa. Tsakanin hoton siket da hoton rigar makaranta. Kuma mai sharhi layi biyu yake ɗauka ko uku. Ita duka ta kwashe, ba ta bar kalma ɗaya ba."

"Na bar ɗaya," in ji matar Rediyo.

Lauyan ya ɗago.

"Jajirtacce. Sau uku ina gwadawa, wayar tana canza mini ita. Na haƙura."

Editan ya yi tari a cikin hannunsa.

"Bari in karanta don a ji irin sharhin," in ji lauyan. Ya gyara murya irin ta kotu. "Jarida ta ce, marigayin bai taɓa makara wurin aiki ba. Malama ta ce, don ina yaye masa bargo ne. Jarida ta ce, abokan aikinsa sun shaida bai taɓa faɗa da kowa ba. Malama ta ce, ƙarya ne, ya yi faɗa da fanka, ina wurin." Ya juya shafi. "Jarida ta ce, mutum ne mai shiru-shiru. Malama ta ce, ko barci yake yi yana ba da canji."

Tarin editan ya tsananta. Yaya ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Jarida ta ce, ya bar mata ɗaya cikin jimami. Malama ta ce…" Lauyan ya ɗan tsaya. "Ya bar ni da famfo yana ɗiga, ya ce gobe zai gyara."

Matar Rediyo ta gyaɗa kai.

"Har yanzu yana ɗiga," in ji ta. "Ci gaba, yallaɓai, kana da murya."

Lauyan ya ajiye takardar. "Malama, da kin sa adireshin labarin kawai, mutane su je shafin jarida su karanta, da ba mu zo nan ba. Me ya hana ki?"

"In tura mutane wurin ƙarya ita kaɗai, ba mai raka ta? Kai idan an kawo maka riga an ɗinka ta a karkace, sai ka farke kowane ɗinki ka bi shi. Ba a gyara hannu ɗaya a bar ɗaya."

"Wannan ba riga ba ce. Dukiyar wani ce."

"Mijin wa?"

"Ba maganar miji ake ba, maganar kalmomi ake."

"To kalmomin ma ba su yi masa daidai ba. Irin kwat ɗin nan taka."

Barista ta yi maza ta nemi hutun minti goma.

A baranda, kusa da tulun ruwan sanyi, ta rage murya. "Anti, zan gaya miki gaskiya. Da rabi kika ɗauka, da na yi rawa a gaban alƙali. Amma duka kika kwafe, kuma ga hoto. Muna iya ci, muna iya faɗuwa, kuma idan muka faɗi, har keken sai sun kalla. Ki bari in sa a buga miki duk abin da mutane suka rubuta a takarda, a yi masa bango mai kyau. Ba abin da zai ɓata. Sai ki goge."

"Takarda tana karɓar sabo?"

"Kamar yaya?"

Matar Rediyo ta ciro wayar, ta latsa da yatsa ɗaya, ta miƙa mata. "Karanta na safiyar yau."

Barista ta karanta. Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta rubuta cewa ta taɓa shiga motarsa, ya ba su labarin yadda ya haɗu da matarsa. Wai kare ne ya biyo ta, ta haye bishiya, shi kuma ya faka bas a ƙarƙashi ta diro a kan rufi.

"Haka aka yi?" in ji Barista.

"Ni? Bishiya? Wando ya kawo in rage masa tsawo, ya tsaya yana surutu har na rufe shago. Washegari ya dawo da wandon wai a ƙara tsawon. Shi ke nan labarin. Amma wannan ƙaryar ta bishiya ita ce ta goma sha ɗaya. Akwai ta kogi, akwai ta gobara, akwai wadda ni na bi shi da kuka har tasha." Ta karɓi wayar ta goge fuskarta da bakin mayafi. "Duk safiya kafin in buɗe shago sai na duba. Wani lokaci kwana biyar ba komai, sai kuma wani ya tuno. Mutumin nan yana ƙarƙashin ƙasa yana yi mini sabuwar ƙarya, Barista. Idan na goge, ina mai ta sha biyu zai kai tasa? Ya yi shiru ke nan, yadda suka rubuta."

Yaya ta cika kofi da ruwa, ta riƙe, ba ta sha ba.

Da suka koma, lauyan ya riga ya jera takardu biyu a tsakiyar tebur, da biro a gefe. "Kafin ki yanke shawara, ki ga hujja. Wannan hoton da ya fito a jarida. Kin ga an rubuta a ƙasa, hoto daga wakilinmu. Wannan kuma wanda kika sa a shafinki. Na'urarmu ta gwada, iri ɗaya ne."

Rediyo ne a jingine da ƙofar bas, baki buɗe, hannu ɗaya a sama. Matar ta jawo takardun gabanta. Ta daɗe tana kallo, kamar yadda take kallon yadi kafin ta yanka.

"Ba iri ɗaya ba ne. Naku an rage masa gefe."

"Bambancin yanka ne kawai."

"Mene ne wannan?" Ta nuna kusurwar nata hoton, inda wani abu mai duhu ya tokare.

Lauyan ya sunkuya. "Inuwa ce."

"Inuwa da filasta?" Ta ɗora babban yatsanta a kan tebur, da tabon da allurar keke ta bari a farce. "Yatsana ne. Ranar allura ta huda ni, ya zo kai ni kemis da bas guda, ya ce in ɗauke shi hoto tukuna don ya yi aski. Na ce ya rufe baki, ya ce a haka aka san shi. Ban iya riƙe waya ba, ko wane hoto na ɗauka da yatsana a ciki. Yana nan a wayata da kwanan watansa. Yallaɓai, ni ban yi karatu ba, amma ka gaya mini, wanda ya kwafa ne yake da ƙari, ko wanda aka kwafa daga wurinsa?"

Barista ta jawo takardun biyu a hankali. Ta dubi ɗaya, ta dubi ɗaya. Sai ta gyara zama, ta jingina, kamar an kawo mata abinci.

Editan ya cire tabarau. "Yaronmu ya ce shi ya… A ina ya samu hoton nan?"

Yaya ta ajiye kofin ruwanta a kan tebur. "Ni na tura masa," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Ya zo ranar, gida cike da mutane, ita ba ta san inda kanta yake ba. Ya ce yana son hoto. Dama ta taɓa turo mini wannan."

"Kin gaya masa ke kika ɗauka?" in ji Barista.

"Bai tambaya ba. Sauri yake yi."

Matar Rediyo ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci yayar mijinta. "Yaya. Wa ya gaya masa mai shiru-shiru ne?"

Yaya ta kalli silin.

"Yaya!"

"To me zan ce? In ce wa jarida ƙanena ya fi injin niƙa? Mamaci ne fa!"

Wannan karon editan bai ɓoye ba. Ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa.

Barista ta bar shi ya gama, sannan ta juya ga lauyan, murya a sanyaye. "Abokin aiki, kamfaninku ya rantse a gaban kotu cewa hoton nan nasa ne. Ga mai shi a zaune, ba wanda ya nemi izininta, an yanke yatsanta, an sa sunan wani. Wata biyar yana shafin jarida, da talla a kowane gefe. Mu je Alhamis ɗin. Ni ma ina da takardar da zan shigar."

Lauyan ya tattara wayarsa ya ce zai yi magana da ofis. Kwat ɗin ta riga shi juyawa.

"Mama," in ji editan bayan ƙofa ta rufe, "shekara talatin ina aikin nan. Ban san sun kai ƙarar matar mutumin ba sai da aka kira ni. Jerin sunaye kawai na'ura take fitar musu. Me kike so?"

"Anti, kina iya neman diyya," Barista ta raɗa mata. "Mai kauri."

"In riƙa hawa lif ɗin nan duk wata? Yaya za ta mutu a ciki." Ta dubi editan. "A bar mini rubutuna inda yake. Hoton kuma ku ci gaba da amfani da shi, yana son a gan shi. Amma ku mayar da yatsana."

"An gama."

"Kuma ku gyara ƙaryar. A jarida, inda kuka yi ta."

Editan ya ciro biro, ya juya bayan takardar da aka so ta sa wa hannu. "Faɗi."

"Rubuta, Rediyo surutu gare shi kamar an ɓalle famfo."

"Mama, jarida ce. Bari mu ce, marigayin mutum ne mai son zance."

"Mai son zance shi ne wanda yake bari wani ya yi. Rubuta yadda na faɗa."

Suka yi ta ja, shi yana sassautawa tana ƙara gishiri, Yaya na cewa a ji tsoron Allah. A ƙarshe ya karanta abin da suka tsaya a kai. "Gyara. A labarinmu kan direban da ya ceci fasinjoji talatin da ɗaya, mun ce mutum ne mai shiru-shiru, kuma bai ce uffan ba. Ba haka ba ne. Bai taɓa yin shiru ba, har ƙarshe. Hoton kuma matarsa ce ta ɗauka. Muna ba ta haƙuri."

Ta sa ya sake karantawa. A karo na biyu ba ta yi gyara ba.

Lauyan ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce kamfani ya janye ƙarar, kowa ya riƙe nasa.

"Madalla," in ji ta, tana miƙewa. "Idan gyaran ya fito zan kwafe shi a shafina. Duka. Ina gaya maka tun yanzu don kada ka wahalar da na'ura." Lauyan ya buɗe baki, editan ya riga shi, ya rubuta izini a ƙasan takardar ya sa hannu. A bakin ƙofa ta ɗan taɓa kafaɗar kwat ɗin. "Ka kawo ta shago. Aikin rabin awa ne."

Ta karɓi almakashinta a ƙasa. Barista ta wuce kotu, su kuma suka tsaya a tasha cikin rana har bas ta zo. Suka samu kujera ta biyu bayan direba. Matashi ne, idonsa a kan titi, a saman kansa an manna takarda cewa an hana magana da direba. Tasha uku suka wuce ba wanda ya ce komai. Ana jin ƙarar kowace giya da direban ya saka.

"Tun yana shekara uku nake ce masa ya yi shiru," in ji Yaya, tana kallon taga. "Da safe, da rana, a gaban baƙi. Yi shiru, yi shiru. Ranar da suka buɗe mini fuskarsa a asibiti…" Ta tsaya. Ta ja gyale.

Matar Rediyo ta kama hannunta ta ɗora a cinyarta, ta riƙe.

Wayar ta yi motsi a jaka. Ta ciro da ɗaya hannun. Wani mai gyaran agogo ne ya rubuta a ƙarƙashin labarin. Ya ce yau ya ga wurin nan, Allah ya jiƙan direba, ya taɓa gaya musu cewa a jirgin sama ya haɗu da matarsa, ita ce ma take tuƙi.

Ta karanta wa Yaya a hankali, tana bin layi. Yaya ta yi wani sauti, tsakanin dariya da kuka.

Ta ɗora wayar a gwiwa, ta fara latsawa da yatsa ɗaya, bas na girgiza ta. Ta rubuta, "Ƙarya ne." Ta ɗan jira, har suka wuce gada. Sannan ta ƙara, "Sai kuma ya ce me?"